Shanun da Ba Su Tafi Kudu Ba

Kazaure,
Jihar Jigawa.

Zuwa ga 'yata Sa'adatu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ya sa kin sauka Kano lafiya, ya sa zama a gidan Goggonki ya yi miki daɗi. Allah ya tsare ki a hanyar zuwa aiki da ta dawowa, ya kare ki daga sharrin mota da sharrin mutum, ya haɗa ki da shugabanni masu tausayi da abokan aiki masu gaskiya. Amin.

Kafin ki tafi kin yi mini bayanin aikin da kamfanin ya ɗauke ki. Kin ce ofishinku ne zai riƙa faɗa wa masu inji yawan lemon da za su yi a kowane mako, ya faɗa wa masu sayayya yawan sukari da kwalaben da za su tanada, don kada kaya su yanke wa masu saye, kada kuma su taru a sito su lalace. Kina magana ina gyaɗa kai, na ga kamar kin ɗauka ban gane ba. Na gane sarai. Aikin da na yi ke nan a gidan nan da kindirmo, kuma ban yi shi daidai ba, har ɓarnar ta taɓa mutanen da ba su ji ba ba su gani ba. Kin san labarin sama-sama, domin kina jami'a lokacin. Kin zo hutu kin tarar da firizoji sun cika ɗakin ƙofar gida, kin koma, kin sake dawowa kin tarar babu su. Ina so ki ji shi a jere, tun da Allah ya sa irin aikin za ki ci abinci da shi.

Kin tuna Inna Dije, Bafillatanar da ke kawo mana nono daga rugarsu ta hanyar Gwiwa. Tun ina koyarwa a firamare take zuwa gidan nan, tana kirana Malama, ita ce ma ta sa duk unguwa suka kama sunan. Da na bar koyarwa na fara dama fura ina zuba kindirmonta a ƙananan robobi, ina sa wa a firiza ɗaya ina sayarwa. Abu ya yi albarka a hankali. Daga masu shagon unguwa ya kai bakin tasha, daga nan Haruna mai babur, wanda ke kai wa 'yan kasuwa saƙo, ya ce in ba shi ya gwada kaiwa Roni. Da Roni ta karɓa ya ƙara da Kanya Babba, sannan Babura, inda wani mai shago, Alhaji Ila, yake sayar wa mutanen Nijar masu shigowa cin kasuwa. A shekarun nan ban taɓa yin lissafin gobe ba. Abin da Dije ta kawo shi nake sarrafawa, abin da na sarrafa kuma yana ƙarewa. Ban san cewa zaman lafiyar nan daga ƙanƙantar sana'ar take ba.

Sai ga wani azumi da ya faɗo tsakiyar zafi. Duwatsun garin nan suna fitar da huci har bayan magariba, kowa ba ya son komai a bakinsa lokacin buɗa baki sai abu mai sanyi. Tun kafin la'asar mutane suke tsayawa a ƙofar gida. Haruna yana dawowa da kulolinsa babu ko roba ɗaya, wayata kuma ba ta hutawa, mai shagon Roni yana cewa in ƙara, Alhaji Ila yana cewa mutanen Nijar sun ajiye kuɗinsu na sefa suna jira. Nono kuwa ya yi ƙaranci, don lokacin yawancin shanu suna kudu neman ciyawa, 'yan ƙalilan ne a ruga. Da na ga ba zan iya cika wa kowa ba, sai na riƙa ba kowane mai shago rabin abin da ya nema. Ina ganin adalci na yi.

Abin da ban sani ba, sai da aka daɗe Haruna ya faɗa mini da bakinsa, shi ne kowa ya gane dabarata. Mai buƙatar kula ɗaya sai ya ce biyu yake so, don ya san rabi zan ba shi. Alhaji Ila ya ninka nasa. Shi kansa Haruna idan ya tattaro saƙonsu yakan ɗora wani abu a kai, don kada ya dawo hanya da kula a wofi. Har wasu masu shago biyu a gari ɗaya suna nema wa mutum ɗaya, kowanne yana ɗauka nasa ne. Duk wannan ya taru ya iso kunnena a matsayin yawan masu sha. Na duba na ce ashe kasuwar nan ta fi ƙarfina nesa ba kusa ba, ni ce kawai na tsaya wasa.

To Sa'adatu, wannan shi ne abu na farko da nake so ki riƙe. Abin da dillali ya ce a kawo masa daban, abin da mutane suka saya suka sha daban. Duk hannun da saƙo ya bi kafin ya zo teburinki ya ƙara masa wani abu, wani don tsoro, wani don kwaɗayi, kuma ba wanda ya yi nufin cutar ki. Ranar da kika ga ana ta neman kaya fiye da kullum, kada murna ta riga tambaya. Ki nemi sanin nawa suka bar shago zuwa hannun mai sha. Idan da hali ki fita da ƙafarki ki tsaya a shagon, ki ga wanda ke miƙa kuɗi.

Bayan ƙaramar salla na yanke shawarar faɗaɗa sana'a. Na sayar da gonar da na gada a Roni, na sayo firizoji da janareta, na ɗauki mata biyu na unguwa suna taya ni damu da zubi. Babanki, Allah ya jiƙansa, bai hana ni ba, don bai taɓa shiga tsakanina da dukiyata ba. Saura abu ɗaya, nonon rani. Na ce idan azumi mai zuwa ya same ni da firizoji babu nono, ban yi komai ba. Shi ya sa da damina ta fara sauka na roƙi Babanki ya kai ni rugar su Dije a babur ɗinsa.

Sun karɓe mu da mutunci. Aka shimfiɗa mana tabarma a gindin wata ƙirya, mijinta Baffa Buba ya zo ya zauna gefe da Babanki. Na faɗa musu buƙatata: idan rani ya zo, kada a tura shanun tatsa kudu da sauran garke, a bar yawancinsu a gida. Ni kuma na ɗauki alkawarin duk nonon da aka tatsa zan saya, zan kuma riƙa aiko da dusa da harawa. Baffa Buba ya saurare ni har na gama. Sannan ya ce, “Malama, saniyar da ta yi rani a nan ba ciyawar Allah za ta ci ba, abin da aka saya za ta ci. Ranar da ba a saya ba, ba ta da inda za ta.” Na ce na sani, kuma na shirya. Suka yi magana da Fulatanci shi da matarsa, ban ji abin da suka ce ba, amma na ga ita ke lallashinsa. Daga baya ta juyo ta faɗa mini da Hausa abin da ta gaya masa, wai ta ce Malama ba ta taɓa mayar mata da ƙwarya cike ba. A kan wannan ya yarda.

A hanyar dawowa Babanki ya tsayar da babur a inuwa don ya huce. Ya tambaye ni, cikin sanyin nan nasa, ko na taɓa zuwa Babura na ga masu shan kindirmon da idona. Na ce ba sai na je ba, wayata ta ishe ni shaida. Ya ce wata guda ne kawai na gani, kuma watan azumi ba ya kama da sauran watanni, shi kansa azumin kowace shekara matsowa yake yi yana barin zafi. Ya ce da shi ne ni, da shanu kaɗan zai fara. Na ji haushi, na ce masa ma'aikacin ofis ba zai gane kasuwa ba. Ya tayar da babur muka taho. Har yau idan na tuna kalmar nan nadama nake yi.

Za ki samu irin Babanki a wurin aiki, mutumin da zai yi miki tambayar da ba kya so a daidai lokacin da kike jin daɗin shirinki. Wataƙila mai kula da sito ne, wataƙila shugabarki ce. Kada ki yi masa irin amsar da na yi. Ki zauna ki amsa tambayar tsakaninki da Allah, idan kin kasa, shirin ne bai nuna ba. Kuma kada ki auna shekara da watanta mafi kyau. Ki dubi shekarun baya, ki ga yadda abu ke hawa da sauka da zafi da sanyi, da salla, da hutun makaranta, da lokacin da albashi ya shigo da lokacin da ya ƙare.

Damina ta nuna mini alama, na ƙi gani. Ciyawa ta fito, nono ya yawaita, Dije da maƙwabtanta suna kawowa har ƙwarya ta rasa wurin ajiya. Masu sha kuwa suka ragu, gari ya yi sanyi, manoma suna gona, hanyar ƙauyuka ta yi taɓo. Ni kuma ina ta zubi kamar azumi bai wuce ba, don ina ganin firizojin da na saya ba su kamata su zauna a wofi ba. Yanzu da nake cika wa kowa abin da ya nema, sai kaya suka fara dawowa. Robobi su kumbura, a buɗe a ji tsami ya wuce misali. Na zubar da kindirmo a kwatar bayan gida har maƙwabta suka fara magana a kan wari. Dije ce ta ga abin ya dame ta, ta ce in daina mayar da duka kindirmo, in kaɗa wani in fitar da man shanu in soya, shi yana iya yin watanni bai lalace ba. Na yi hakan ya rage asara. Amma a raina na ce damina ce kawai, zafi na dawowa komai zai koma yadda yake.

Inji ba ya jin haushi don an kashe shi, 'yata. Kada ki sa a yi kaya don kawai masu inji su ga suna aiki. Idan kayan aiki sun yi miki yawa a lokacin da masu saye suka ragu, ki nemi hanyar da za a ajiye su a siffar da ba ta lalacewa, ki jinkirta aikin ƙarshe har sai kin ji daga kasuwa.

Ƙarshen daminar nan Babanki ya kwanta ciwo, bai daɗe ba Allah ya karɓi abinsa. Wannan kin sani, kina nan aka yi komai. Na shiga takaba, kika koma makaranta, sana'a ta rage a hannun matan nan biyu da Haruna. A cikin kwanakin nan Haruna ya riƙa kawo mini labarin da ba na so. An rufe boda, mutanen Nijar sun daina shigowa Babura yadda suka saba, Alhaji Ila ya ce a rage masa kaya, sannan ya ce a dakata. Fetur ya yi tsada, abin da babur ke sha zuwa Kanya Babba ya kusa cinye ribar tafiyar. Kuɗin abinci ya hau, mai gida idan ya sayi gero ba ya da sauran abin sayen kindirmon roba. Duk wannan ya shiga kunnena, na fahimce shi, ba zan ce baƙin ciki ya rufe mini hankali ba.

Bayan an gama girbi, shanu sun cinye karan gonaki, lokacin tafiya kudu ya yi. Dije ta zo gidan nan, ta sake yi mini gaisuwar rashi, muka zauna a tsakar gida. Ta ce samarin ruga suna shirin tafiya da garke, Baffa Buba ya aiko ta ta ji daga bakina. Ta dube ni ta ce, “Malama, maganarmu tana nan?”

Na ce, “Tana nan.”

Na san Babura ta tsaya. Na san janareta ya fi kwana a kashe. Da na ce mata a'a, ko na ce a bar kaɗan a tura saura, da babu abin da ya samu kowa, don garken bai tashi ba tukuna. Amma na ji kunyar janye maganar da na je har rugarsu na yi a gaban mijina da mijinta. Na kuma riƙe wani fata, cewa za a buɗe boda, azumi zai zo, wayata za ta sake ɗaukar ƙara. Na ɗora rayuwar shanun mutane a kan fatan nan. Ta yi mini godiya ta tafi. Garke ya tafi kudu, shanun tatsa suka zauna.

A duk abin da zan faɗa miki, wannan ya fi nauyi. Shiri ba rantsuwa ba ne. An yi shi ne da abin da aka sani jiya, idan yau ta zo da wani abu dole a taɓa shi. Ba laifi ba ne ki yi hasashe ya kauce, kowa yana yi, gaibu na Allah ne. Laifin shi ne ki ga ya kauce ki yi shiru, alhali wanda ke bayanki yana da sauran damar gyara nasa. Mai kawo muku sukari, mai kawo kwalba, direban da ya ƙi wani aiki don naku, leburan da aka ce ya zo gobe, duk sun tsara gidajensu a kan maganarki. Ranar da kika ga za a rage, a ranar za ki faɗa musu. Za su ɓata rai, wani ma ya yi miki magana mai zafi. Ki jure. Ɓacin ran ranar nan ba komai ba ne a kan abin da shiru ke jawowa.

Na fita takaba cikin sanyi, lokacin da ba mai neman abu mai sanyi. Na ci gaba da karɓar nonon Dije duka, ina mayar da shi man shanu, ina aika dusa kamar yadda na ce. Amma dusa ta yi tsadar da ban taɓa gani ba, harawa ma haka, man shanun kuma ya taru babu mai saye da daraja. Azumi ya zo, an ɗan motsa, amma bai yi kama da na bara ba. Mutane suka koma kunu da ruwan leda. Masu shagon da suka ninka buƙata bara, bana ko waya ba sa ɗauka sai na kira sau da yawa. Na sallami matan da ke taya ni, ɗaya a cikinsu marayu take riƙo. Na sayar da firiza na sayi dusa, na sake sayar da wata. Sannan na fara rage abin da nake karɓa a hannun Dije. Takan bar mini rabi, ta ɗauki saura a ka ta shiga gari talla cikin rana, mace mai shekaru, tana bin lungu-lungu da nonon da na ce duka nawa ne.

Ranar da ba zan manta ba, bayan salla ne, zafi ya kai maƙura, ba wuta, ba fetur a janareta, abin da ke cikin firiza ya lalace tun jiya. Ta yi sallama ta sauke ƙwarya a gabana ta buɗe faifai. Na ce mata yau ba zan iya karɓa ba, kuma ba ni da abin sayen dusa a makon nan. Ban iya ɗaga kai ba. Ba ta yi faɗa ba, ba ta yi kuka ba. Ta mayar da faifai ta rufe, ta gyara gammo. Da ta ɗora ƙwaryar a ka ta tsaya ta ce, “Malama, da kin faɗa mana tun kaka, da sun bi 'yan'uwansu.” Ta yi mini sai an jima ta fita. Wannan ne zuwanta na ƙarshe gidan nan.

Sauran labarin a bakin Haruna na ji. Shanu suka rame har ana ƙirga haƙarƙarinsu daga nesa, nono ya ƙafe, maruƙa suka fara mutuwa. Tafiya kudu ta wuce, don ba su da ƙarfin da za su kai. Baffa Buba ya riƙa kora su kasuwar Babura yana sayar wa mahauta a yadda suka taya, don ya sayi abincin waɗanda suka rage. Akwai wata farar saniya ta Dije, wadda ta gada daga mahaifiyarta, ita ya ƙi sayarwa. Ta jure har aka yi ruwan farko. Washegari ta kwanta a taɓo ta kasa tashi, maza suka taru suka ɗaga ta ta sake faɗuwa, dole aka sa mata wuƙa. Saura kaɗan ciyawa ta fito.

Na daɗe ina cewa zan je in yi musu jaje, ƙafata tana yi mini nauyi. Sai da gero ya yi tsayi na sa Haruna ya kai ni. Muka tarar ba kowa. Bukkoki sun rushe, sai turaku a kakkafe da guntayen igiya. Mai gonar wurin ya shuka gero a inda shanun ke kwana, ya fi na ko'ina tsayi da duhu saboda taki. Ya ce da garke ya dawo, iyalin suka tattara suka tashi gaba ɗaya, bai san inda suka nufa ba. Na tsaya a gindin ƙiryar nan na yi kukan da ban yi ba tun rasuwar Babanki.

Bayan wannan na faɗa wani kuskuren, kishiyar na farko, kuma shi ma ina so ki san shi. Tsoro ya kama ni. Na koma sayen nono kaɗan a kasuwa, ina yin abin da na tabbata zai ƙare kafin azahar. Ko an ce in ƙara ba na ƙarawa. Mai shagon Roni, wanda bai taɓa barina ba ko a lokacin wahala, ya yi ta aiko Haruna yana komawa da kula rabi. Akwai ranar da ya karɓi aikin walimar wani gida da sunana, ya sanar da ni da wuri, na ce to, amma da ranar ta matso na ji tsoron asara na yi kaɗan. Ya ji kunya a gaban mutane, daga nan ya koma sayen na wasu daga Kano, ban ga laifinsa ba. Haruna ma ya zo ya durƙusa ya ce in yafe masa, abin da nake ba shi ba ya riƙe gida, zai koma ɗaukar fasinja. Wanda ya ƙone a yawa yakan gudu zuwa ƙaranci ya ɗauka ya tsira, alhali can ma akwai mutanen da yake cuta. Idan kika yi kuskure a wurin aiki, kuma za ki yi, kada ki bar shi ya zama shi ke riƙe miki biro daga ranar.

Yanzu, kamar yadda kika gani kafin ki tafi, da firiza ɗaya nake aiki. Abin da ba ya lalacewa, roba da sukari da gero, ina ajiye ɗan rara a kansa. Nono kuwa ba na sa a kawo sai na ji daga masu shago abin da ya rage musu jiya, ba abin da suke so ba. Matar da ke kawo mini yanzu na faɗa mata gaskiya tun ranar farko: ga abin da zan karɓa kullum ko ana ruwa ko ana rana, abin da ya haura wannan sai na kira, kuma kada ta taɓa tsayar da saniya saboda ni. Ba na samun abin da na samu a azumin nan, amma ba na zubarwa, kuma ba wanda ya kwana da yunwa a kan maganata. Na koya, sai dai wasu ne suka biya mini kuɗin makarantar.

Kwanakin baya Haruna ya shigo gaishe ni. Ya ce ya haɗu da Baffa Buba a kasuwar Babura, Baffan ya zo ganin dangi. Suna can kudu, Dije tana raye, sai dai ƙafa ta fara damunta. Shi kuma yanzu shanun wani mai kuɗi yake kiwo ana biyansa, mutumin da na sani da garkensa. Haruna ya ce masa Malama ta je rugarku ba ta same ku ba, kuma kullum tana neman gafararku. Wai ya ce abin da Allah ya rubuta ba ya wuce ranarsa, ya kuma tambaya ko ina lafiya, ko ke kin gama karatu. Da zagina ya aiko da ya fi mini sauƙi. Na haɗa 'yar tsaraba na ba Haruna ya kai gidan dangin Baffa Buba, ban sani ba ko ta isa. Idan kin yi salla kina yi wa Babanki addu'a, ki sa Inna Dije da mijinta a ciki, Allah ya mayar musu da abin da ya fi wanda suka rasa.

Sa'adatu, ke za ki yi aikinki a ofis mai sanyi, a gaban na'ura, ba za ki ga fuskar yawancin waɗanda lissafinki zai taɓa ba. Ni da na ga fuskarta ma ga abin da na yi. Don haka ki riƙa tsayawa kafin ki aika, ki tambayi kanki wane ne zai canza zamansa saboda wannan, kuma idan ya kauce wa zai ɗauki nauyin. Ki girmama na gaba da ke, ki gaishe da masu gadi da masu shara da sunansu. Ki riƙe salla a kan lokaci ko aiki ya yi yawa. Ki yi wa Goggonki biyayya, ki taya ta aikin gida ranar hutu, kada ki ce kin gaji. Idan shugabanki ya matsa ki rubuta abin da kika san ba haka yake ba, ki faɗa masa gaskiya cikin ladabi, arzikinki ba a hannunsa yake ba.

Ni ina nan lafiya, kada ki sa damuwata a ranki. Sai dai tun da kika tafi hannuna bai koyi awon gidan nan ba. Kullum da yamma sai na tuƙa tuwon mutum biyu, sai na kwashe nake tunawa, in rufe ɗaya in miƙa maƙwabta. Zan koya a hankali.

Allah ya yi miki albarka, ya sa ki gama da duniya lafiya. Allah ya sa hannunki ya zama sanadin abincin mutane, kada ya zama sanadin hawayensu. Ya tsare ki a inda nake gani da inda ba na gani, ya dawo mini da ke lafiya. Ki gaishe da Goggonki da mutanen gidan duka.

Wassalamu alaikum.

Mahaifiyarki,
Binta